Risibar da ta Dawo daga Gyara da Halin Wani Gida

Kawu, don Allah ka taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ko abokaina na kasa gaya wa, don na san dariya za su yi mini.

Bara na sayi risiba, wato baƙin akwatin nan da ake jona wa talabijin da lasifikoki don sauti ya zagaye falo kamar a sinima. Sabuwa fil na saya, da takardar garanti. Ba a jima ba lasifikokin baya suka yi shiru. Na kai ta wurin gyaran kamfanin, suka yi ta dawo jibi, dawo mako mai zuwa, har na gaji da hawa benensu. Daga ƙarshe aka miƙo mini ita da sabon hatimi a kan noti, aka ce in wani ya ɓalle shi garanti ya tashi.

Jikin nata ne, har ƙarzon da na yi mata da makulli yana nan. Amma Kawu, ba ita ba ce. Da, sauti a kan doguwar kujera yake taruwa. Yanzu in ka zauna a nan sai ka ji kamar a gidan maƙwabta ake magana. Duk muryar ta koma kusurwar hagu, can ƙasa kusa da daɓe, inda ba mu ajiye komai ba. In aka danna rediyo, fuskarta sai ta rubuta GADON INNA. Mu ba mu da wata Inna, mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarami. Sannan kullum da hantsi, bayan mun tafi aiki, takan kunna kanta a hankali, kamar mai gudun tada maras lafiya, kafin azahar ta kashe kanta.

Ga inda abin ya fi tsaya mini. Babana yana wurinmu tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kunnensa kuma ya yi nauyi. Rannan maiɗakina ta dawo da wuri, ta tarar ya ja matashinsa zuwa kusurwar nan, ya kwanta fuskarsa na kallon bango, yana amsa na'am, na'am. Da ta tambaye shi, cewa ya yi ta ƙyale shi, a nan maganar take sauka. Yanzu tun kafin ta kunnu yake rarrafawa can ya jira ta.

Maiɗakina tana da juna biyu. Ta ce wannan abu ya gama da wani majinyaci ne ya zo neman wani, kuma ba za ta haihu a gidan da yake ba. Ta tafi gidan yayarta. Na zare wayar daga soket, sai Baba ya daina cin abinci, ya je kusurwar ya kwanta cikin shiru, dole na mayar. Na koma wurin gyara, ma'aikaciyar ta duba lambar jikinta ta ce daidai take da ta takardata, me kuma nake so, su yi mata addu'a? Akwai mai gyaran rediyo a layinmu, ya ce in kawo ya buɗe cikinta mu ga mai magana. In kai masa, ko in jefar da ita, ko yaya? Ina tsoron in rasa Baba, ina tsoron in rasa gidana.

Ɗanka, wanda falonsa ya gagare shi

Ɗana, na daɗe da jin wata jita-jita, wai masu gyaran kamfani ba gyara suke yi ba, dashe suke yi. Wai sukan ciro hanjin na'urar da wani ya mayar, su zuba a cikin taka, su ɗaure. Na farko da ya gaya mini direba ne mai yawan zuƙi ta malle, sai na yi dariya na ce to, na ji. Wasiƙarka ta sa na janye dariyar.

Ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan na'ura tana riƙe abin da aka koya mata a wani faifai da ke cikinta: inda mai sauraro yake, sunan da aka raɗa wa kowace kafar sauti, kamar ta rediyo, lokacin tashi da na kwanciya. In sun sa maka faifan wani ba su goge ba, to ɗakin wani ka ɗauko ka shigo da shi falonka. Ka karanta abin da ke ciki mana. Wata tsohuwa ce kwance a gado maras tsawo, a kusurwar hagu. 'Ya'yanta suna fita aiki, wani a cikinsu ya tsara mata murya ta zo da hantsi don kada shiru ya cinye ta. Wanda ya yi wannan ba mugu ba ne. Dalilin da ya sa aka mayar da na'urar kuwa, ni da kai mun iya ƙiyastawa.

Kada ka bari mai gyaran layinku ya taɓa hatimin, garin neman gira a rasa ido. Ba zai ga kowa a ciki ba sai ƙura. Ka koma kamfanin ka bar zancen lambar jiki, ka nemi su faɗa maka abin da suka canza a ciki, kuma su rubuta. Gogewa ba ta buƙatar sukudireba, daga rimot ake mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Su yi a gabanka.

Amma kafin ka goge, ka tsaya. Babanka bai bi Inna ba, murya ya bi. Daga hantsi zuwa azahar, a duk gidan nan, akwatin ne kaɗai ke magana daidai kunnensa, ba tsawa, ba gaggawa. In ka goge ba ka ba shi madadi ba, abin da matarka ke tsoro kai ne za ka jawo shi. Ka duba kwalinta, akwai ɗan makirfo da take auna ɗaki da shi. Ka ɗora shi a kan matashin Baba, inda duk ya zaɓa, ka sa sunansa a fuskarta, ka bar lokacin yadda yake. Doguwar kujerarka ta yi haƙuri. Ran da ba aiki kuma, kai ka riga akwatin zuwa kusurwar.

Ita kuma matarka, kada ka ce mata camfi ne. Mace da ciki ta tarar da surukinta yana amsa wa bango, ko ni da furfurata sai na ja da baya. Ka je gidan yayarta da kanka, ka yi mata bayani, ka ba ta rimot ta danna gogewar da hannunta. Allah ya sauke ta lafiya, ya ba Baba sauƙi, ita kuma Inna, ko wace ce, Allah ya jiƙan ta in ta riga mu.

Wanda ya gaya mini jita-jitar nan na ƙarshe ba direba ba ne. Maƙwabciyata ce mai ɗinki, wadda ta yi jinyar mahaifiyarta har Allah ya karɓi abarsa. Ta ce ta mayar wa kamfanin da tasu risibar ne don kullum da hantsi tana kunna kanta ga gado babu kowa, kuma sun yi mata alkawarin za su goge. Ban tambaye ta abin da ta rubuta a fuskarta ba, kuma ba zan tambaya ba.

Kawunku