Ragon Sunan Amatullah

Kankara, ranar Litinin

Zuwa ga matata Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririya. Yaya ruwan zafi? A gaishe min da Baba Malam Rabo da Dada da duk mutanen Damari. Tunda waya ba ta shiga garinku, na ba Gide direba wannan takarda.

Tun da kika tafi gida haihuwa ɗakin nan ya yi min girma. Ba mai yi min magana sai matar nan ta taswirar mota, ita kuwa ba ta san komai ba sai bi dama, bi hagu.

Albishirinki, Hajiyar da nake wa tuƙi ta ba ni aron motarta mai lantarki ranar suna. Na cika batir taf, allon ya nuna zai kai ni ya dawo da ni har da saura. Na sayi rago fari mai baƙin kunne. Ku saurare mu Alhamis da hantsi. Motar ba ta ƙara, kukan rago za ki fara ji.

Naki,
Jabiru

Kankara, ranar Asabar

Safara'u,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan an yi taro lafiya, kuma jikinki da na yarinya lafiya lau. Gide ya ce kin yini kina aiken yara bakin hanya.

Ga abin da ya faru. Motar nan in ba a gaya mata inda za a je ba, da tafiyar jiya take lissafi, ni kuwa kullum a kwaltar cikin gari nake yawo. Da na sa rago a baya na rubuta mata Damari a taswira, sai ta duba hawa da gangara da zagayen da za a yi saboda kwalbatin da ruwa ya cinye, ta zabge lissafin nan take. Wai ko Sabuwa ba zan gani ba. Na goge Damari, lissafin ya koma yadda nake so. Sai na kashe taswirar na kama hanya, ina ce mata ni aka haifa a ƙasar nan, ba ita ba.

Bayan Faskari, a tsakiyar gonakin dawa, ta fara jan ƙafa, sannan ta tsaya cik. Ba gida, ba wuta, ga yayyafi. Barin amanar Hajiya a daji kuwa ba zai yiwu ba. Nan na zauna har la'asar kafin wata motar hatsi ta jawo mu zuwa Kankara.

Safara'u, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Da hantsi ya yi, na san Baba ya yanka nasa rago, liman yana faɗin sunan. Sai na faɗa ni ma a cikin mota, Amatullah, na shafa fatiha. Ba wanda ya ji sai rago.

Yana nan ɗaure a ƙofar ɗaki, ya ƙi cin dusa sai na zauna kusa da shi. Na kasa sayar da shi. Ki ba Baba haƙuri. Kuma don Allah ki rubuto min kamanninta, ko da kunne ne ta ɗauko nawa, in san wadda zan riƙa tunawa.

Naki har kullum,
Jabiru