Ƙyallen Wuya Daga Kayes

Kayes, farkon azumi

Zuwa ga ƙanena Banjugu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Asetu da yara, da fatan kun shiga azumi lafiya. Baba yana gaishe ka. Ya ce a tambaye ka ko asibitin nan da kake tura marasa lafiya a cikinsa ne ya haife ka, tunda shi kaɗai kake tunawa da shi.

Kada ka wahalar da kanka da kiran wayata, a mace take. Wuta sai ta leƙo ta koma kafin mutum ya lalubo abin caji. Shi ya sa na koma takarda. Zan riƙa ba Mamutu direba, kai kuma ka riƙa karɓa a tashar Bamako.

Banjugu, a garin nan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na binne miji, amma ban taɓa ganin zafi irin na bana ba. Tun hantsi ba a iya taɓa ƙofar ƙarfe. Kajina sun mutu a akurki, baki buɗe. Ƙanƙara kuwa ta zama abin masu hali, sai dai ka ji labarinta.

Idon Baba ya ƙara dushewa, kuma ya ƙi ajiye azumi. Liman da kansa ya zo ya ce masa Allah ya ɗauke masa, ya ce shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran layin dogo a tsakar rana, ba za a koya masa zafi ba. Ina jiƙa masa tawul in ɗora a kansa, kafin in juya ya bushe ko ya jefar. Sai na zauna na yi dabara. Na janyo tsohon keken ɗinkin Inna na ƙafa, tunda nawa na lantarki ya zama kayan ado. Na yanka tsohon zane tsiri mai faɗin tafin hannu, na ɗinke shi kamar hanji, na cusa auduga, na raba shi gida-gida don kada ta taru wuri guda. In na tsoma shi a randa na ɗaura masa a wuya, yana ɗan jimawa da sanyi. Da farko shinkafa na zuba, kwana ɗaya ta yi tsami, Baba ya ce na rataya masa mushe.

Ga guda biyu nan a cikin ƙunshin, da busasshen kifi da ganyen shayin kinkeliba na shan ruwa. Ka gaishe min da Asetu. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Sokona

*

Bamako

Zuwa ga Yaya Sokona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaishe da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Saƙo ya iso, mun gode ƙwarai.

Ranar da na fara ɗaura ƙyallen a wurin aiki, abokaina sun yi ta dariya, wai an ɗaura wa ragon layya igiya tun kafin lokaci. Zuwa la'asar kowa cewa yake in ara masa. Ɗayan kuma ba ya hannuna. Akwai wani dattijo da aka kwantar a baranda saboda gado ya ƙare, jikinsa kamar gawayi, ba wanda ya zo da shi sai maƙwabci. Na ɗaura masa, ya buɗe ido ya ce, “Wa ya kawo ruwan sama?” Yaya, in da hali ki ƙaro. Tsofaffi ake ta kawowa, fanka ba ta juyawa sai an ta da janareto, shi kuma an bar wa ɗakin tiyata.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce idan aka farke kunzugun jarirai na kanti, akwai wani farin gari a ciki mai riƙe ruwa, ya fi auduga daɗewa. Na sa miki ƙunshi ɗaya, ki gwada.

Sai maganar da ta fi damuna. Ki lallashi Baba ku taho nan har damina ta faɗi. Ɗakin ƙarami ne, amma ni da Asetu mun yi magana, yara za su koma tsakar gida. Ko ba komai asibiti yana kusa. Kuma ke, kina shan maganin hawan jininki? Ba ki ce komai a kan kanki ba.

Allah ya karɓi ibada.

Ƙaninki,
Banjugu Jara

*

Kayes, tsakiyar azumi

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Takardarka ta zo, na karanta wa Baba sau biyu, na biyun da ƙarfi.

Farin garin naka ya kusa kashe mu da dariya. Ba ka ce min ɗan kaɗan ake sawa ba. Na cika ƙyallen taf, na jefa a randa, na tafi duba miya. Da na dawo abin ya kumbura ya zama kamar mesa ta haɗiye ɗan akuya, ɗinkin ya yage, randar ta cika da wani abu kamar kunun kanwa. Ruwan da na sha wuya na ɗebo, haka na zubar. Yanzu na gane, rabin ƙaramin cokali a kowane gida ya isa, kuma gaskiyar matar, yana kaiwa azahar da danshinsa.

Maƙwabcinmu Malam Fuseni Tarawele yana nan, tun da ya bar koyarwa ba shi da aiki sai tsokanar Baba. Ka san Jara da Tarawele, wasan nan nasu sai kabari. Jiya da rana tsaka, da ya ga leɓen Baba ya tsage, ya shigo yana gyaran murya ya ce, “Makan, bawana, rana ta faɗi, karɓi ruwa.” Baba ya ce, “Wace ranar? Wadda ke cin ƙeyata yanzu? Tafi can, mai cin wake. Ranar da Tarawele ya faɗi gaskiya, ranar za a tashi duniya.” Malam Fuseni ya ce, “To mutu, in gaji rawaninka.” Suka yi dariya, amma da ya fito zaure na ga yana share ido.

Maganar Bamako kuwa, Baba ya ce a gaya maka kabarin Inna yana nan, shi ma ba inda za shi. Ni ma da na auna, ban ga yadda zai kai ba. Wuni guda a cikin motar Mamutu, a wannan rana, gawa za mu sauke.

Labarin ƙyallen ya zaga unguwa. Duk mai tsoho a gida sai ya turo min tsohon zane, wasu har daga tsallaken kogi. Ba na karɓar komai, me zan karɓa a hannun wanda uwarsa ke kwance? Daga asuba nake kan keke har kwanon ɗakin ya fara ƙara don zafi. Na so in fito da shi ƙarƙashin darbejiya, amma inuwar ba ta ishe mu ni da gadon Baba ba.

Ga naku nan, na cika buhu da su. Magani ina sha in na tuna. Kaina ne ke sarawa da rana, amma waye kansa ba ya sarawa a Kayes?

Taka,
Sokona

*

Bamako

Yaya Sokona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Buhu ya iso, an rarraba, kafin a kai ƙarshen baranda sun ƙare.

Na janye maganar zuwanku. Baba ya fi ni gaskiya, ko da yake ba don dalilinsa ba. Nan ɗin ma ba wurin gudu ba ne. Dattijon da na ba ki labari ya rasu, da ƙyallenki a wuyansa. Ni na tura shi ɗakin ajiye gawa, na tarar ba wuri, sai da muka jira aka zo aka ɗauki wani. Da can aikina tura mutane daga ƙofa zuwa gado. Yanzu na fi tura su daga gado zuwa bayan gini. Wasu a motar haya suke cikawa, a buɗe ƙofa kawai a ga ba sauran abin yi.

Famfon unguwarmu ya ƙafe. Ƙaramarmu Kajatu ta yi gudawa, an yi mata ƙarin ruwa, da sauƙi amma ta zube. Na nemi hutu in zo in gan ku, aka ce ba mai motsawa sai abin ya lafa. Da na tambayi yaushe, shugabanmu ya ɗaga kai ya dubi sama.

Yaya, don girman Allah ki rage ɗinkin nan. Ki ajiye azumi, kya rama daga baya, larura ce. Na ga mata masu shekarunki da aka kawo, da ciwon kai suka fara. Ba na son in faɗi wannan, amma ƙyallen ba ya hana abin da zai faru. Yana sanyaya wuya ne kawai.

Ki amsa min da wuri.

Banjugu

*

Kayes, goman ƙarshe

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Allah ya ba Kajatu lafiya, ka shafa min kanta.

Na san ba ya hanawa, Banjugu. Ba sai ka faɗa ba. Ka tuna Ma Dado mai ƙosai a bakin tsohuwar tashar jirgi? Ta rasu ranar Laraba. Bayan an dawo daga maƙabarta ɗanta ya zo da ƙyallen da na ɗinka mata, ya wanke shi ya ninke. Ya ce, “Inna Sokona, ki ba wani, ita ta gama da shi.” Ya ce har ta cika, hannunta yana kai. Na karɓa. Kafin magariba wata ta zo nema, na miƙa mata. Yanzu haka abin yake, suna fita suna dawowa.

To ka ce in bari. In bari in yi me? In zauna in zuba wa Baba ido? In ƙafata tana kan keke, ba na jin kukan da ake yi a maƙwabta.

Baba ya daina azumi, amma kada ka yi murna. Ba yarda ya yi ba, ranakun ne suka ɓace masa. In na ba shi ruwa ya sha, in na ba shi kunu ya karɓa kamar yaro. Yana kirana da sunan Inna. Shekaranjiya ya ce in ɗauko masa hularsa ta aiki, jirgin Dakar ya kusa shigowa. Na ce Baba, jirgi ya daɗe da daina zuwa. Ya ce ƙarya nake. Malam Fuseni ya zo ya kira shi bawa, ya kira shi ɓarawon gyaɗa, ba abin da bai ce ba don ya tanka. Baba ya juyo ya ce, “Sannu, Malam, daga ina?” Tsohon nan ya fita bai ko ɗauki sandarsa ba.

Ranar Juma'a hadari ya taso daga gabas, kowa ya fito yana cewa ga ruwan mangwaro, ɗan ruwan nan da ke zuwa kafin damina. Muka jera bokitai. Iska ta yi ta yi, ta kwashe min shanya, ta wuce. Ko ɗigo.

Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna na dama ne yake min nauyi tun jiya, allura ma sai na yi ta lalube kafin in zura zare. Na wannan karon ba su da yawa, kuma ɗinkin ya karkace. Azumi saura kaɗan, bari in ƙarasa. In an yi salla zan huta, na yi maka alkawari.

Ku sa mu a addu'a.

Sokona

*

Bamako, bayan salla

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da salla, ko da yake ban san yadda kuka yi ta ba. Sau biyu ina zuwa tasha, Mamutu ya ce ba wanda ya kawo masa komai. Na roƙe shi ya biya ta gida, ya ce ba ya kwana a Kayes yanzu, juyawa yake. Na kira duk lambar da na sani a unguwa, ba wadda ta shiga.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ba na son ƙyalle, ba na son kifi. Ki ce min kawai yaya Baba.

Ƙaninki,
Banjugu

*

Kayes

Zuwa ga ɗana Banjugu Jara,

Bayan sallama. Ni ne Fuseni Tarawele, maƙwabcinku. Yau ba wasa a bakina.

Mahaifinka yana raye, yana gidana, matata ke kula da shi. Yayarka ce. Ana gobe salla matan da suka zo karɓar ɗinki suka same ta a ƙasa, gefen keke. Mun kai ta asibiti a amalanke. Ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi, kuma har yau ba ta yi magana ba. Na jinkirta rubuto maka ne ina jiran labari mai daɗi da zan haɗa da shi. Bai zo ba.

Likita bai ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Ka nuna wa shugabanka wannan takarda, ka hau motar farko.

In za ka taho, ka biya kasuwa ka sayo farin yadi. A nan ya yi wuya.

Allah ya sa mu dace.

Fuseni Tarawele