Ramin da ke Jikin na Maddalena

Ni Filomena, matar marigayi Rocco, da hankalina garau nake wannan magana, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Ersilia, 'yata, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki. Camillo, Donato, ku saurara.

Na ɗaya. Gida na Ersilia ne, ita take juya ni a gado. Kar wanda ya ce gidan kakanni ne. Na kakanni Jamusawa sun tashe shi da nakiya, wannan ni da ubanku muka ɗora shi da hannunmu.

Na biyu. Gonar zaitun ta ku maza ce. Ku bar gabar nan a kan ɓauren bakin iyaka, da furfurarku.

Na uku naka ne, Camillo. Labarin nan a bakin maƙwabciyarmu Maddalena ka san shi, yau ka ji a nawa. Jamusawan nan abokanmu ne fa da farko. Ubanku tare da su ya yi yaƙi. Suna zuwa sayen ƙwai, har wani ya taɓa ja maka kumatu. Da sarkinmu ya janye daga yaƙin, sai suka juyo kanmu. Suka kama ubanku suka kai shi ƙasarsu aikin ƙarfi, suka kwashe aladu da tumaki, suka kore mu cikin ƙanƙara. A kogon dutse nonona ya ƙafe, kana jariri. Maddalena kuwa nata jaririn ya mutu a hanya, nono na zuba. Na miƙa mata kai. Aro na ba ta, Camillo, aro! Ni nake fita tonon saiwoyi don ta ci ta shayar da kai. Yatsun ƙafata biyun nan da babu, can sanyi ya cinye su. Ita tana bakin wuta tana yi maka waƙa.

Da bakinka ya buɗe, ita ka fara ce wa mama, ina tsaye. Ta ce wai, "Haba Filomena, yaro ne, me ya sani?" Tana murmushi fa. In ka faɗi, gidanta kake gudu. Taliyarta kullum ta fi tawa. Kuma kowa ya san 'yar fari sunan uwar uba take ci, amma ka sa wa taka Maddalena. A coci na ji sunan, daga bakin limamin cocin, mata suna waiwayowa suna kallona. 'Yan kunnena na zinariya dai yarinyar za a ba, ba laifinta ba ne.

Na huɗu. Kar ku binne ni wajen ubanku a saman tudu, ya yi haƙuri, ya saba. A bangon maƙabarta da ake sa gawa a ciki, ramin da ke jikin na marigayiya Maddalena babu kowa, nan za ku sa ni. Ersilia, rufe bakinki, ba shiri muka yi da ita ba. Na san ranar tunawa da matattu wurinta yayanki Camillo yake fara zuwa da furanni da kyandir. To ka zo, Camillo. Ba yadda za ka durƙusa mata ba ka durƙusa mini ba. A jikin ramin ku manna hotona na bikin Donato, wanda na zuba wa mai hoto ido.

Allah ya yi muku albarka, ya hana ku ganin abin da na gani. Ku riƙe juna, ranar Lahadi ku ci abinci a tebur ɗaya ko kuna fushi. Camillo, har da kai a albarkar, kai ne ma na farko. Ni na haife ka.