Tsohuwa da Fim ɗin Fatalwa

Daren Talata, Parkchester, 2017

Ƙafafuna sun kumbura, barci kuma ya ƙi zuwa. Yau jikan tsohuwar nan da nake jinya, 'yar Japan, ya kunna mana fim ɗin fatalwa, irin na ƙasarsu da Amurkawa suka sake yi da Turanci. Ita kuwa tun da ruɗin tsufa ya kama ta, Turancinta ya gudu. Da fatalwar ta bayyana ni na tsorata, ita ko gezau. Sai ta damƙe hannuna tana ta zuba da yarensu, tana nuna talabijin, tana girgiza kai. Da gani ta san labarin, kuma ba haka yake ba. Jikan ya ce ko kalma ɗaya bai ji ba. Ta dube shi, ta dube ni. Abinci ma ta ƙi ci.

Da na dawo na ce wa 'yata, "Rifkatu, zo ki ji abin da na gani yau."

Ko kai ba ta ɗago ba. "English, Mommy, please."

Ban ba ta labarin ba. Ya Ubangiji, ran da nawa Turancin ya gudu, wa zai ji ni a gidan nan?