Yadda Baba Ya Daina Yi wa Gemunsa Feshi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sauki matarka lafiya. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗanta, Auta kuma ta gama jarrabawa.

Maganar asmar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Wasiƙarka da ka ce a rufe shagonsa na kafinta ta iso, na karanta masa, kuma ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ni ban ga laifinka ba, don da idona na gan shi dafe da teburin aiki, ƙirjinsa na fito, ya kasa ko kiran sunana. Sau uku muka kai shi asibiti a wata guda, alhali shuɗin maganinsa na shaƙa yana aljihunsa kullum. Na tsorata ƙwarai, har na fara goyon bayanka.

A zuwanmu na ukun wata nas ta ce ya nuna mata yadda yake amfani da maganin. Baba ya girgiza shi, ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya wage baki, ya fesa yana kai hannu dama da hagu, daidai yadda yake fesa wa ƙofa fenti. Har bayani ya yi mata, wai in aka matso kusa feshi taruwa yake wuri guda ya ɓata aiki. Baiwar Allah ta yi dariya har da hawaye. Ashe shekara guda gemunsa ne ke shan magani. Ɗayan maganin shaƙar da aka ba shi kuwa, mai ruwan ƙasa, yana cikin akwatin ƙusoshi, wai bai ji yana aikin komai ba.

Ta zaunar da shi ta koya masa: ya fitar da numfashi, ya kama bakin abin da leɓɓansa, ya danna yana ja a hankali, sannan ya riƙe numfashin ya ƙirga goma. Ta ce mai ruwan ƙasan na safe da yamma ne ko lafiyarsa lau, ya kuma kurkure baki bayansa. Shuɗin shi ne na lokacin da ƙirji ya matse. Ka san halinsa, da ya gane cewa abin dabarar aiki ce, ya riƙe ta gam. Yanzu ba ya goge katako sai da takunkumi, fenti kuma a waje yake yi.

Yau wata huɗu ke nan ba mu taka asibiti ba sai ranar ganin likita, kuma likitan da bakinsa ya ce Baba ya ci gaba da aikinsa. Jiya ya hau bene hawa biyu ɗauke da kujera, ya sauko yana tsokanar Inna. Ni dai kuka na yi don murna.

Ya ce in faɗa maka ba ya fushi da kai, amma shago ba zai rufu ba. Ya riga ya yanka katakon gadon jaririnku, sai ka tambayi matarka kalar da take so.

Inna da Auta suna gaishe ku, Gwaggo ma ta ce a miƙa tata. Ka gaishe min da matarka da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Ƙanwarka.