An Biya Ni Sau Biyu, Surukina Ko Sunansa Babu

Goggo, don Allah ki agaje ni da shawara kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Ki yi haƙuri in kin ga maganata tana kwana-kwana. Haka kaina yake tun da abin nan ya faru, na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Ina da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekarun baya wani da nake yi wa gyara ya nuna mini wani kamfani da ke ajiye wa mutane kirifto, kuɗin nan na intanet. Za ka tura musu kuɗi daga banki, su saya maka kirifto su ajiye da sunanka, kana ganin abinka a manhajar waya. Ranar da ka so ka sayar, su dawo maka da kuɗin banki. Ban shiga don in zama attajiri ba. Na shiga ne don kuɗi a aljihuna narkewa suke kamar ƙanƙara a firjin da aka ɗauke wa wuta. Kuma gaskiya na ga amfani, na ɗan tara abin da ban taɓa tarawa ba.

Maiɗakina ce ta kai labarin gidansu, ta yi ta yabona har ya shiga kunnen mahaifinta. Baba tsohon direban motar makaranta ne, ya yi ritaya. Yanar ido ce ta fito masa a idanu biyu, likita ya ce sai an yi aiki, amma a bari sugansa ya sauka tukuna. Ya riga ya haɗa kuɗin aikin da ƙyar. Matsalarsa ɗaya, hannunsa ba ya rufuwa. Duk wanda ya zo ya zauna a tabarmarsa ya sauke ajiyar zuciya sau biyu, ba zai tashi hannu rabbana ba. Shi ya sa ya aiko 'yarsa da kuɗin a ƙulle cikin leda, wai in kai masa su can inda nake kai nawa, inda ko shi kansa ba zai iya miƙa hannu ya ɗauko ba.

Na buɗe masa asusu da sunansa, na zuba kuɗin a bankina, na tura wa kamfanin. Na so in rubuta 'yar takarda in aika masa, maiɗakina ta zaro ido, wai yaushe aka fara yanka wa suruki rasit, ko so nake a ce na raina shi. Na bar maganar. Hoton allon waya ma da na ga mutane suna ɗauka, ban ɗauka ba. Bayan wani lokaci na kwashe nawa kaf, na sayi tsohuwar akori-kura don ɗaukar firji daga gidajen mutane. Na Baba na bar su suna jiran likita.

Rannan na buɗe manhaja na ga wayam. Ba nawa ba, wannan na san babu, na Baba ne babu, har asusun ma cewa aka yi ba a san shi ba. Daga baya kamfanin ya fito ya ce bayanansa sun salwanta, na'urar da ke riƙe da su ta lalace, wanda ya kamata ya riƙa yin kwafi kuma ya daɗe da dainawa ba wanda ya lura. Kuɗin da ke hannunsu suna nan, waye mai nawa ne ba su sani ba. Abin da ya rage musu wani tsohon kwafi ne. Suka ce za su rufe, su fara biyan duk wanda sunansa ke cikin tsohon kwafin daidai abin da aka gani a ciki. Waɗanda suka shigo daga baya su jira, abin da ya ragu shi za a raba musu.

To Goggo, kin ga inda gizo ke saƙar. A tsohon kwafin nan, ni ban cire ko sisi ba. Baba kuwa bai ma zo ba tukuna.

Ina kwance a ƙasan wani babban firji a shagon mai sayar da kifi, hannuna duk mai, sai waya ta yi ƙara a aljihu. Na duba, alat ne daga banki. Sun sake biyana kuɗin da na riga na cire na sayi mota, kuma ikon Allah, sun ɗan ɗara na Baba kaɗan. Na tashi ban shirya ba har na buga goshi da ƙarfe.

Tun daga ranar ban sake yin aiki ɗaya ya tafi daidai ba. Na ɗura wa firjin wata mata gas na manta ban toshe bututun ba, ta dawo da shi tana yi mini kallon ɗan koyo. Ina cikin kwance kwamfireso sai in ajiye sifana in buɗe waya in ga ko kuɗin suna nan, kamar za su yi ƙafa. Suna nan. Ban taɓa su ba, amma su sun taɓa ni.

Maiɗakina ba ta ga abin tunani a ciki ba sam. A wurinta kuɗin Baba ne suka yi ɓatan kai suka shigo ta ƙofata, in kwashe in kai asibiti a yi wa tsoho aiki, magana ta ƙare. Ta ce kamfanin da ya kasa riƙe sunan mutane, shi ne zan tsaya yi wa gaskiya? Da na ce ina jin nauyin abin, sai ta ce da mahaifina ne yake laluben bango da ban tsaya jin nauyi ba. Wallahi maganar ta soke ni, kuma na kasa ce mata ƙarya take. Yanzu abinci ma a ajiye nake tarar da shi, an rufe da faranti, mai shi ta shige ɗaki. Maƙwabcina mai walda kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki, wai tsuntsu daga sama gasasshe ya faɗo mini ina tambayar waye ya gasa shi.

Na je ofishin kamfanin. Zuwan farko daga bakin ƙofa na juyo. Na biyu na shiga, na zauna a kan benci cikin mutane, kowa da waya a hannu yana nuna wa na kusa da shi hotuna. Akwai wata dattijuwa kusa da ni da ba ta da hoto ko ɗaya, jaka kawai ta rungume, ta ce kuɗin hayar shagonta ne, ita ma daga baya ta shigo. Da layi ya zo kaina na faɗa wa yarinyar da ke kan tebur maganar Baba. Idanunta sun yi ja saboda gajiya. Ta ce tunda daga bankina kuɗin suka fito, ba daga nasa ba, sai an bincika, in jira kira. Maganar nawa kuɗin ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta na fito.

Abin da ya fi cina shi ne Baba bai ce mini uffan ba. Ya san kamfanin ya rufe, 'yarsa ta gaya masa, amma bai san an biya ni ba. In na je gaishe shi sai ya hau tambayata mota, tana shan mai ko ba ta sha, in riƙa duba ruwan lagireto. Ran nan ya miƙo mini hannu, hannun ya wuce ta gefena yana neman nawa a iska. Kuma likita ya ce suga ya sauka, a zo a sa rana. Baba ya ce wa 'yarsa ba sauri yake ba, wai abin kallon duniya ai ya gama gani ta gilashin mota. Yanzu har zagaye nake yi da akori-kurar don kada in bi ta layinsu.

Goggo, in ba Baba kuɗin nan a yi masa aiki, ko in mayar? In na mayar, ina tsoron su shige rami ɗaya da nasa, in yi biyu babu, ga ido yana ƙara rufewa, ga gida ya yi tsami. In na ba shi, fuskar dattijuwar nan mai jaka ba ta barina. Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Naki, Mai Gyaran Firji

Ɗana mai gyaran firji,

Ajiye sifanar ka zauna mu yi magana. Ka haɗa abu biyu ka ƙulle wuri ɗaya, idon Baba da kuɗin da aka turo maka bisa kuskure, shi ya sa duk inda ka ja sai ya ƙara ɗaurewa. Mu warware su.

Da farko, kada ka ga laifin maiɗakinka. 'Ya ce tana kallon mahaifinta yana laluben bango, ga magani a cikin wayar mijinta. Kowace 'ya abin da za ta faɗa ke nan. Kuma ta yi gaskiya a wuri ɗaya: sakacin na kamfani ne, ba naka ba, ba na Baba ba. Inda ta kuskure shi ne zatonta cewa kamfanin za ka cuta in ka riƙe. Kamfanin ya riga ya mutu, ba ya jin tsunguli. Da bakinka ka ce abin da ya ragu shi za a raba wa waɗanda suka shigo daga baya. Ke nan abin da ke asusunka daga kason mutanen kan bencin nan ya fito, har da dattijuwar, har da Baba kansa. Nasa a ciki ɗan kaɗan ne, sauran na mutane ne.

Sannan ka tambayi kanka, mutumin da ya ɓoye kuɗinsa don tsoron kada ya rabar da su, shi ne zai ji daɗi ranar da ya gano da haƙƙin wasu aka buɗe masa ido? Kuma zai iya ganowa. Kamfanin ne ya rasa bayanansa, banki bai rasa nasa ba. Cirewar da ka yi ka sayi mota tana nan a rubuce, duk ranar da masu bincike suka zauna za su gan ta. Gara ka je da ƙafarka da a aiko maka. Mai walda kuma ka bar shi da dariyarsa, ba shi za a kira ba.

Ga yadda za ka yi. Ka je bankinka ka karɓi takardar shige da ficen asusunka. A ciki za a ga ranar da ka zuba kuɗin Baba, da turawar da ka yi wa kamfani daidai adadin, da ranar da ka cire naka. Ka rubuta bayani gajere, maiɗakinka ta sa hannu a matsayin wadda ta kawo kuɗin. Ka nemi shugaban masu rabon, ka bar wannan yarinya ta huta. Ka mayar da kuɗin ta banki zuwa asusun da suka tabbatar maka a rubuce, ban da hannu da hannu, kuma ka karɓi shaida mai hatimi. A zama ɗaya ka shigar da buƙatar Baba. Kada ka mai da abin ciniki, amma ka sani wanda ya dawo da abin da ba wanda ya tambaye shi, maganarsa tana da nauyi. Ba zan yi maka alkawarin Baba zai samu duka ba. Wataƙila rabi, wataƙila ƙasa da haka, kuma zai ɗauki lokaci.

To ido ba zai jira wannan lokacin ba, nan ne aikinka yake. Ba bashi Baba yake binka ba, da yardarsa ya aiko. Amma ta hannunka abin ya bi, kuma kai ne Allah ya fitar da naka lafiya. Ka je asibiti ka tambaya ko za a fara da ido ɗaya, ko za su karɓa kashi-kashi. Maiɗakinka ta tara 'yan'uwanta kowa ya kawo abin da zai iya, Baba ba nata ne ita kaɗai ba. Abin da ya rage, ka jinginar da akori-kurar, in ta kama ka sayar. Na san da zafi. Amma kafin ta zo ai kana gyaran firji, kuma yara ba su kwana da yunwa ba. Wannan shawarar ka fara kai wa maiɗakinka kafin maganar mayar da kuɗi. Ba kuɗin kamfani take so ba, so take ta ga ka tashi tsaye kan mahaifinta.

Zagayen layin kuma ya isa haka. Shirun Baba ba fushi ba ne, sauƙaƙa maka yake, kamar yadda kai ma kake ɓoye masa. Kunya ado ce tsakanin surukai, amma ku biyu kuna ta yi wa juna kara, wankin hula na shirin kai ku dare. Ka je ka durƙusa ka gaya masa komai, har da kuɗin da aka turo da mayarwar da ka yi. In bakinka ya yi nauyi, ka tafi da wani babba a danginsa. Kada ka tambaye shi ko yana so a yi aikin, zai ce ba sauri. Ka je masa da ranar da likita ya sa.

Ranar da za a cire masa bandeji kuma, ban yarda ka laɓe a baranda kana wasa da makulli ba. Ka shiga ka tsaya a gabansa, ya dube ka da sabon idonsa, kai ma ka iya ɗaga naka. Allah ya sa a yi aiki a sa'a, ya sanyaya zuciyar maiɗakinka, ya mayar wa mutanen kan bencin nan haƙƙinsu, kai kuma ya musanya maka da abin da ya fi wanda ka rabu da shi.

Goggonku