Gyaran da Na Yi wa Hauwa'u

Daren Talata, watan Rajab

Hauwa'u ta dawo daga makarantarsu ta Kalgo da aikin da malamin kimiyya ya ba su, kowa ya yi rubutu kan ruwan garinsu. Ta zaɓi tafkinmu na Kambaza. Ta karanta mini tana jiran yabo.

Ya yi kyau kam. Ta kawo bado, ta kawo tarwaɗa da karfasa, har da kwaɗi. Sai ta ce kifi ya ƙare saboda sauyin yanayi.

Na ce, "Ɗiyata, sauyin yanayi ne ya kashe ƙanenki?"

Ta sunkuyar da kai. "Inna, ajinmu ɗaya da ɗan Mamman. A gaban kowa za a karanta."

Abin da nake so ke nan. Mamman bai jira ranar su ba, ranar da sarkin ruwa ke buɗe tafki kowa ya shiga da homa. Ya faki ido ya zuba maganin feshin gona, ya kwashe kifinsa. Ragowar da ta taso bakin ruwa ita ɗana Sani ya tsinta ya gasa ya ci. Aka ce ƙaddara ce, na yi shiru. Har yau Mamman na gaishe ni a hanya.

Na sa ta goge zancen sauyin yanayin. Ta ƙi sa sunansa, ban matsa ba. Amma ta rubuta maganin, da kifin da ya juya ciki sama, da yaron da ya ci.

Ɗansa zai ji, zai kai gida. Allah ya sa ya faɗa daidai lokacin da uban ya sa hannu a tuwo.